Kogin da Ke Komawa Baya

Duk mai cin tsire a unguwar Belleville ta Paris ya san Malam Moutari, mutumin Maradi mai ɗan shago kusa da bakin tashar mitiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ga fara'a ga yawan gyara, amma ba a yi masa hirar teku. Ko kifi aka ajiye gabansa sai ya kau da kai.

A 1969 shi da ƙanensa Soumaïla suka gangara kudu ci-rani, suka kafa tukuba a wani bakin teku na Dahomey, inda kogi ke zubawa cikin ruwan gishiri, ga itatuwan kwakwa jere bisa farin rairayi. Su gulbin Maradi suka sani, ruwan da hanya ɗaya yake bi. Ba wanda ya gaya musu cewa a nan teku kan turo kogi baya, ya cika shi, sannan ya janye da ƙarfi. Wata la'asar Soumaïla ya shiga wanka inda da safe ruwa bai wuce gwiwa ba. Moutari na juya nama. Da ya ɗaga kai, riga da takalmi kawai ya gani.

Da ba a samu gawa ba, sai ya aika gida cewa Soumaïla ya sami aiki a jirgin ruwa. Shekara goma sha takwas yana maimaita wa tsohuwarsu haka, da farko a wasiƙa, daga baya a kaset.

Bana Hassia, ɗiyar Soumaïla, wadda uban ya bari a goye, ta zo karatu Bron, kusa da Lyon. Ta buga wa Moutari waya.

"Baba, ba ni sunan jirgin. An ce tashar jiragen ruwa ta Marseille ba nisa, zan je in tambaya."

Ranar Lahadi ya rufe shago, ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da ƙunshin kilishi. A ɗakinta ya faɗi komai, idonsa na kan ƙunshin da bai kwance ba.

Ta ce, "Kaka har yau tana ware masa kason naman layya."

"Na sani, ɗiyata."

Ta jawo rediyonta, ta sa sabon kaset. "Ba ni zan gaya mata ba. Muryarka ta saba ji."

Ya danna jan maɓallin. Ya gaida tsohuwa, ya tambayi damina, ya tambayi maƙwabta gida-gida, har da awaki. Kaset ya kusa rabi. Hassia ta dafa hannunsa.

Ya ce, "Inna, akwai maganar Soumaïla."