Agwagwa Mai Zobe

Ko da na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da aka kama mu a bakin tafkin tsuntsaye ba, ni da yayana.

Shekarar fari ce. A ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa gero ya bushe a tsaye, abin da muka girbe bai cika jaki biyu ba. Muka bar iyalanmu da ɗan abin da ke rumbu, muka hau mota zuwa gabas cin rani, don mun ji ana neman masu yankan shinkafa a fadama. Da muka isa, an gama yanka. Kwana uku muna yawon neman aiki, ba abin da ya shiga cikinmu sai garin rogo da ruwa.

Rana ta huɗu muka ɓulla wani tafki da gwamnati ta keɓe wa tsuntsaye. Ban taɓa ganin halitta da yawa haka ba. Agwagi sun rufe ruwa, in suka tashi sai ka ji kamar iska ta taso. Akwai allo da aka rubuta an hana farauta. Na karanta wa yayana, ya ce, "Yunwa ba ta iya boko ba."

Ya kwance igiyar wandonsa ya ɗana tarko cikin ciyayi. Kafin azahar wata 'yar agwagwa mai toka-toka ta faɗa. Na riƙe ta, yayana ya zaro wuƙa, sai na ga zoben ƙarfe a ƙafarta da rubutun Turawa. Ina cikin dubawa muka ji gyaran murya. Mai gadin wurin ne, wani dattijo cikin kaki, yana tsaye a bayanmu.

In aka kai mu ofis aka kulle, wa zai kai wa yaranmu hatsi?

"Samari, daga ina?" ya tambaya. Muka faɗa masa, har da abin da ya kawo mu.

Yayana, da yake mai zafi ne, ya ce, "Baba, tsuntsu ya fi ɗan Adam ne?"

"Bai fi ba," in ji dattijon. "Amma ita ma cin rani ta zo. Sanyi ya koro ta daga ƙasarsu, ta ƙetare teku da hamada, ta sauka a hannuna. Ku ma yanzu a hannuna kuke. Yaya kuke so in yi da ku?"

Ya karɓi agwagwar, ya kwafi lambar zoben, mai nuna ƙasar da ta fito, a wani ɗan littafi, ya miƙo mini ita. "Kai ka riƙe ta, kai za ka sake ta."

Gaskiya hannuna bai so ba. Ina jin ɗuminta da bugun zuciyarta, cikina kuma yana kuka. Na buɗe hannu. Ta yi tafiyarta, ba ta ko waiwayo ba.

Ya kai mu bukkarsa, ya ɗumama tuwon dawa da busasshen kifi, ya zauna yana kallonmu har muka suɗe kwano. Sannan ya haɗa mu da wani mai lambun albasa. Wata uku muka yi muna ban ruwa, muka koma gida da buhunan dawa.

Yayana har ya rasu yana cewa da mun yanka agwagwar nan, da ta yi daɗin romo. Ni dai abin da na koya shi ne, baƙon da wahala ta jefo hannunka amana ne, kuma ba a fara tambayarsa laifinsa sai an tambaye shi ko ya ci abinci.