Bassu, Mai Rufe Wa Jan Ruwa Ƙofa

Kafin Tuda ta ɗora shayi, mijinta Bassu ya riga ya saɓa shebur ya gangara bakin kogin Muluya. Haka yake yi tun gashinsa yana baƙi. A shekarun baya-bayan nan, yakan tsuguna a bakin magudanar da ke kai ruwa gonakin Tazrut, ya ɗebi ruwan a hannu, ya duba. In ya ga zanen tafinsa ta cikin ruwan, sai ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ruwa ya tafi gonar wanda rabo ya zo kansa. In bai gani ba, ko wane ne kai, sai dai ka jira. A wannan watan Bassu ya ajiye aikin rabon ruwa, gwiwoyi sun ƙi, ni kuwa ba zan bari ya sauka shiru kamar mai laifi ba.

Mu nan tun kakanni jan ruwa ake so. Idan aka yi ruwa a kan duwatsu, kogi ya taso da laka, sai a buɗe ƙofa, babu rabo babu layi, mata suna guɗa, domin lakar ce takin da ba a saya. Ba wanda ya tuna cewa can wajen mafarin kogi, kamfanin da ya haƙo dalma ya kwashe abin da yake so, ya bar mana tulin ƙasar da ya tace a gefen kogi, ko shinge bai yi mata ba.

Wata malamar jami'a, Dakta Yamna, ta zo ɗibar ruwa don bincike, Bassu ya raka ta. Ta cika kwalba da jan ruwa, ta ajiye a kan dutse har ya kwanta, sannan ta nuna masa abin da ya taru a ƙasa. Ta ce dalma ba ta cika tafiya ita kaɗai a ruwa ba, manne take da laka mafi laushi, lakar ce ke goyonta. Inda lakar ta kwanta, nan gubar ke zama, ta shiga ƙasar gona, ta bi ganye, ta bi hannun yaro zuwa bakinsa. Ta yi wa dattawa wannan bayanin, suka yi godiya, suka ba ta shayi, suka ci gaba da yadda suka saba. Bassu ne kaɗai maganar ta bi har gida.

Daga nan ya fara rufe ƙofa duk ranar da kogi ya yi ja. Ya sha suna. Moha, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya laƙa masa likitan laka, sunan ya bi shi har masallaci.

Sai ga shekarar fari. Ganyen tuffa ya naɗe, ƙasa ta tsattsage, mutane sun gaji da kallon sama. Da hantsi wata rana kogi ya taso, ja zur, yana ruri. Gari ya fito da gudu, mata sun fara guɗa, sai aka tarar da Bassu zaune a kan ƙofar, ya naɗe jallabiyarsa, sheburinsa a cinya.

Moha ya ce, "Tsoho, tashi daga kan ƙarfen nan. Allah ya aiko da ruwa, kai ka tsaya duba launinsa kamar mai sayen darduma?"

Bassu ya ce, "Ruwan dai Allah ne ya aiko. Lakar kamfani ne ya aiko, kuma ba na karɓa."

Moha ya tuna masa cewa bishiyoyi ba sa jiran wa'azi, in wannan ruwan ya wuce sai mutuwa. Wasu suka fara matsowa.

"To ku ɗauki rabona," in ji Bassu. "Idan ya yi garau, duk mai bishiyar da ke jin ƙishi ya sha nawa, har ƙarshen shekara. Amma wannan ba zai shiga gonar da jikokinka ke rarrafe ba, Moha, sai dai ku ɗaga ƙofar da ni a kai."

Ba wanda ya iya ɗaga shi. Jan ruwa ya wuce, abin da ya biyo baya kaɗan ne, kuma an karɓi rabon nasa ba kunya. Tuffar da mahaifinsa ya dasa ta bushe a tsaye. Tuda ta yi kuka, ta daɗe tana ajiye masa burodi da man zaitun ba tare da ta dube shi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, har yau akwai masu cewa taurin kai ne kawai ya yi masa yawa.

Eh, taurin kai ne, Bassu, kuma da shi muka tsira da ƙasarmu. Kai ne ka zauna tsakanin guba da kwanon yaranmu, lokacin da masu alhakin tulin can ko leƙowa ba su yi ba. Ba ka da ikon kwashe shi, ba ka kuma yi ƙaryar za ka iya ba. Ƙofa ɗaya ce a hannunka, ita ka riƙe. Mun gode, ginshiƙin Tazrut. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya saka maka da abin da ya fi tuffa. Ku kuma da kogi ya bi ta garinku, ku binciki abin da ke can inda kogin ya fito kafin ku yi wa laka guɗa.

A makon jiya aka yi ruwa a kan duwatsu. Bassu ya ji rurin kogi, ya lalubi sanda, Tuda tana masa faɗa yana tafiya. Da ya isa, ya tarar ƙofa a rufe, Moha zaune a kanta.

Moha bai ko juyo ba, ya ce, "Koma gida, likita. Ba don kai nake yi ba."