Mayafin Talabijin ɗin Kaka

Har yau idan na ji ƙaurin dalmar masu gyaran rediyo, sai in tuna shekarar da Baba ya tafi Makka, ina aji shida a Dutse.

Kaka, mahaifiyarsa, tana da talabijin baƙi da fari. Don tsananin ji da shi ta saƙa masa mayafi mai kauri, ba ta cire masa ko yana kunne, sai dai ta ɗage fuskar. Saura kwana uku hawan Arfa ya yi hayaƙi ya mutu. Kaka ta daina cin abinci sosai. Ta riga ta ƙudura cewa a ciki za ta ga ɗanta.

Na ɗora talabijin ɗin a ka, na kai wa Kawu, yayan Inna, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya buɗe bayan, ya shinshina.

"Kun hana shi shan iska, tiransifoma ta ƙone. Sai Kano, bayan Sallah."

"Kawu, ba na komawa da shi a mace."

Ya ce ana iya sake naɗa wayar cikin tiransifomar da hannu, amma idonsa ya yi rauni. Na miƙa hannuwana.

Kwana biyu ina naɗa siririyar wayar tagulla, tana tsinkewa ina sakewa. Yana gefe yana yi mini bayani. Wutar bango, in ji shi, kamar ruwan kwari take, tana kai da komowa da ƙarfi. Wannan sashe shi ke rage ta, ya miƙar da ita hanya ɗaya, ya tara ta a 'yar randa, sannan ya shayar da sauran kayan daidai cikinsu. "Wuta ba 'akwai' da 'babu' ba ce kawai, 'yar nan. Hawa take tana sauka. Dubi allura."

Allurar mitarsa ta awon wuta ta tashi a hankali, ta yi rawa, ta tsaya inda yake so.

Ranar Arfa allo ya cika da fararen kaya, mutane kamar furen auduga. Kaka ta dangwala yatsa a kan wani ɗigo. "Ga shi nan, ƙawata! Tafiyarsa ce." Ban yi musu ba.

Yanzu cajar waya a liƙe take zuwa, in ta mutu a jefar, ba mai leƙa cikinta. Ni kuwa ina ajiye da mayafin nan. Tun ranar Kaka ta cire shi, ta koma yi wa talabijin fifita da maficinta.