Riga Mai Igiya Uku

Bayan an yi wa Baba aiki a haƙarƙari, ciwon ya ƙi rufewa. Duk Litinin da Alhamis sai mun ɗauki tasi daga Ƙofar Gayan zuwa asibiti a wanke masa. Ni ke raka shi, don a lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ba ni da abin yi sai keken ɗinkina.

Wankin ciwon bai dame shi kamar cire riga ba. Hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, sai an ja rigar ta kansa yana nishi, hula ta faɗi, 'yan matan nas suna tsaye suna jira. Mutumin da ya yi shekaru yana magatakardan kotu, ga shi tsirara daga cibiya zuwa sama gaban sa'o'in jikokinsa. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta ce, "Baba, yi sauri mana, ba kai kaɗai ba ne." Wallahi na so in mare ta.

A hanyar gida dabara ta zo mini: riga mai buɗewa ta gefe, a kwance igiya a wanke ciwo a mayar, ba sai an tuɓe ba. Yadi kuwa ya yi tsada a shekarun nan. Na buɗe adakar Baba ina neman tsohuwar rigar da zan farke, sai na ga farin yadi sabo fil, a naɗe cikin leda can ƙasa. Ban tambayi kowa ba. Ni da rawar kai, na sa almakashi. Kafin la'asar na gama, na sa mata igiya uku, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya ƙasa.

Na kai masa yana zaune da 'yan dubiya, Goggo yayarsa tana gefe. Ta karɓa, ta murza yadin, ta shinshina. Sai ta saki salati.

"Ke, a ina kika samo wannan?"

Na faɗa mata.

"Likkafaninsa ne, 'yar banza! Wanda ya jiƙa da zamzam da hannunsa a Makka. Har da igiya uku irin na gawa? To, sannu da ƙoƙari. Tunda kin ƙosa, sai ki je ki haƙa masa ramin."

Babu wanda ya ce mata ya isa. Baba ya dubi rigar, ya dube ni, ya juya fuskarsa bango. Aikin hajji sau ɗaya ya yi a rayuwarsa, da kuɗin sallamarsa daga aiki, kuma ya san ba zai koma ba.

Abin haushin, rigar ta yi. Ranar Alhamis ya saka ta, don babu wata da ba ta sa shi nishi. Nas ɗin nan mai baki har yabawa ta yi, ta ce in ɗinka wa wasu. Da aka gama Baba ya ɗaga mini gwiwar hannu ya ce, "Zo ki ɗaure gawarki."

Haka ya riƙa faɗa, Litinin da Alhamis, wata bakwai. Ban da wannan ba ya ce mini komai. Na durƙusa na roƙe shi gafara ya fi a ƙirga, sai ya ƙara muryar rediyo. Na sayar da 'yan kunnena na ba wata maƙwabciya mai tafiya hajji ta jiƙo wani yadin da zamzam. Da ta kawo, Goggo ta ce ai ba hannunsa ne ya jiƙa ba, ta yi zanen gado da shi. Na tsani Goggon nan, har yau ban fasa ba, Allah ya yafe mini.

Da jiki ya yi tsanani ya sa aka tara mu bayan azahar, yana kwance cikin rigar, duk ta yi rawaya da magani. Ya fara yafiya kamar yadda manya ke yi, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ya yafe wa Inna, mahaifiyarmu. Ya yafe wa Goggo. Ya yafe wa yayyena maza, har da wanda ya sayar masa da gona bai sani ba. Ni ce ta ƙarshe a layi, ina durƙushe daidai ƙafarsa.

Ya dube ni sosai, ya gane ni sarai. Sai ya ce, "Igiyar tsakiya ta kwance."

Na matsa na ɗaure. Na tsaya a wurin ina jira, hannuna a kan ƙullin. Ya rufe ido, ya ce a watse, yana son ya huta.