Jar Dawar da Na Wanke wa Marayu

Ku samarin da ke kai-komo tsakanin buhuna a kasuwar hatsi ta Gadarif, da ku nake. Ba zan faɗi sunana ba. Ba kunya ce ta hana ni ba, kunyata ta ƙare tun ranar da aka sa mini ankwa a gaban rumfata. Ina da 'ya'ya mata da ba su yi wa kowa komai ba, shi ya sa.

Ubana simsar ne, wato dillalin dawa da riɗi, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa sake auna buhun da ya ɗinke. A hannunsa na koyi sana'a. Ina damƙar dawa in faɗa maka ta Simsim ce ko ta Hawata, ta bana ce ko ta bara. Ina da mata, ina da rumfa, tukunyar gidana ba ta taɓa kwana a kife ba. Don haka kada wani ya yi mini uzurin talauci, ba na so.

A bayan unguwarmu akwai gidan marayu na Kiristoci. Wata mata daga duwatsun Nuba ke riƙe da shi, Sitt Marta, doguwa, marar yawan magana. Yaran daga ko'ina suke, na Habasha, na Kudu, har da waɗanda ba a san asalinsu ba. Gidan ba shi da gona, ba shi da kanti. Kowane yaro yana da kafil, wani mutum a ƙasa mai nisa da ya ɗauki nauyinsa, yana aiko da abin ci da na makaranta, ita kuma tana aika masa hoton yaron da wasiƙa. Yarda ce kaɗai ke riƙe da gidan, ranar da masu aikowa suka daina yarda, ranar za a sauke tukunya. Da kaka, lokacin da dawa ke araha, takan ba ubana kuɗin abincin shekara ya sayo mata. Da ya rasu ta aiko aka kira ni, ta ce, "Ɗan Alhaji, aikin babanka ne, ka ci gaba." Ko takarda ba mu rubuta ba.

Shekarar farko na yi gaskiya. A ta biyu ne abokina Babikir, mai lorin da ke ɗauko mini kaya, ya dube ni ya ce, "Ya zol, mutumina, kai wane irin wawa ne? Kuɗin Nasara ne fa. Su can ko adadinsa ba su sani ba." Na yi dariya, amma maganar ta zauna. Na fara rage kwano ɗaya a kowane buhu. Ba wanda ya auna. Shekara ta zagayo na kai musu ta bara wadda ƙwari suka fara ci. Sitt Marta ta ce mini kisrar bana, wainar dawar da suke ci, tana wari, na ce laifin mai injin niƙa ne, ta yarda. Har yau in na tuna bakin Babikir jinina tafasa yake yi, ɗan banza maras tsoron Allah. Amma shi magana ya yi, ni na ɗinke buhunan da hannuna.

Ku da kuka taɓa aiki a manyan gonakin Simsim kun san irin shuka mai magani. Ana cuɗa shi da gubar ƙwari, a rina shi ja don kada wani ya yi kuskuren ci. Wani mai gona ya yi ragowar irin nan mai yawa, yana neman mai kwashe masa ko da a banza ne. Babikir ya ce mu wanke, ruwa uku jan zai fita. Ni da na tashi cikin hatsi, na san ja ne ke fita, gubar ba ta fita. Na sani sarai. Muka zuba a ganguna a bayan wata gona, muka wanke, muka shanya a kan tamfol, na gauraya da jar dawa ta gaske don kada ido ya gane.

Ranar da muka sauke kayan a gidan marayun, wata 'yar ƙaramar yarinya mai suna Hanna, ba ta wuce shekara biyar ba, ta haye saman buhunan kamar yadda ta saba, tana kirana Ammu, wato baffa. Ni na sauko da ita. Na zauna na sha shayin da aka kawo mini, har na nemi ƙarin sukari.

Kajin gidan ne suka fara mutuwa. Bayan kwana kaɗan yara suka fara amai, jikinsu na karkarwa, aka riƙa kwasarsu a keken jaki zuwa asibiti. Manyan sun warke. Hanna ita ce ƙarama a cikinsu, kwananta uku ta cika. Likita ya ce a kawo abin da suke ci, aka kira wani tsohon mai awo ya fasa ƙwayar da haƙori, ya ga jan maganin a maƙale a idon ƙwayar.

Kafin 'yan sanda su zo, Sitt Marta ta riga su zuwa rumfata, da rana tsaka, kasuwa a cike. Ta buɗe tafin hannunta, ga dawar. Ta ce, "Ɗan Alhaji, ka sani ko ba ka sani ba?" Na ce wallahi tallahi ban sani ba. Na ɗauki sunan Allah na rufe gawar yarinya da shi. Tir da ni. Babikir kuwa tun da ya ji labarin kajin ya tsallaka iyaka, har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba. Mai gonar ya tsaya a gaban alƙali ya ce ya faɗa mini da bakinsa iri ne, ba na ci ba ne. Aka ɗaure ni.

Ina sijin, wato kurkuku, ƙanin matata ya kawo mini sauran labarin. Wasu dattawan kanisarsu, wato cocinsu, sun ba Sitt Marta shawara ta rubuta wa masu aikowa cewa zazzaɓi ne, don kada su janye. Ta ƙi. Ta zauna ta rubuta wa kowane kafil gaskiya, har da tsohuwar da ke ɗauke da nauyin Hanna. Da yawa suka janye, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai ci gaba da aiko da kuɗi a sayo wa yaro guba? Gidan ya watse. Manyan yaran da ke karatu suka koma yankan riɗi a gonakin mutane, wasu aka raba su a gidaje, wasu har yau ba a san inda suka faɗa ba. Wani da muke ɗaki ɗaya a sijin ya ga ina kuka ya ce, "Haba, ka kwantar da hankalinka, ai ba 'yar Musulmi ba ce." Na shaƙe shi sai da aka ɓamɓare hannuna. Abin da ya fi ƙona ni, maganar da na yi shekaru ina faɗa wa kaina ce ya faɗa da ƙarfi.

Da na fito, ba wanda zai ba ni ko kwano in auna masa. Na koma dako a kasuwar da ubana ya yi suna. Da na samu hali na zaɓi buhun dawar fatarita fara tas, na bi ta ƙwaya-ƙwaya, na saɓa a kafaɗa na nemi inda Sitt Marta take. Na same ta a wani gida mai ɗaki biyu da 'yan yara da ba su kai goma ba. Ta tsufa. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Nawa na yafe tuntuni. Ajiye buhun." Ta ɗebi kwano ɗaya aka niƙo, ta tuƙa asida, irin tuwon nan namu, ta zuba mana ni da ita, ta ce in sa hannu. Yaran suna zaune a gindin bango da kwanukansu, ba a zuba musu ba. Na ce, "Ya Sitt, gwada ni kike yi? Wallahi wannan mai kyau ce." Ta ce, "Ba don kai ba ne. Tun wancan lokacin, duk sabon buhu ni nake fara ci in kwana, sai gobe su ci. Ko daga hannun wa ya fito." Na dubi yaran. Ko ɗaya bai yi ƙorafi ba, sun saba. Ranar busasshen burodi suka ci suna jin ƙanshin asida. Na ajiye lomar, na tashi na fita ko sallama ban yi ba.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum, amma tubana bai tayar da Hanna ba, bai tattaro yaran da suka watse ba. To ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ce muku wannan dukiyar ta Nasara ce, ko ta ƙungiya ce, ko ba ta da mai ita, ƙarya yake yi, ku tofa masa yawu ku tashi daga wurin. Tana da mai ita, yana can zaune da kwanonsa yana jira. Kada ku rage kwanon farko. Ni da shi na fara, yau ga yara a garin nan da ake hana su abinci mai zafi sai ya kwana, saboda ni.