Kunkurun Iya da Sabon Daɓe

Shekaranjiya na bi ta wani lungu a Kazaure, sai hancina ya ɗauko warin makuba. Wani dattijo ne ya jiƙa ɓawon ɗorawa a rabin duro zai yi yaɓen katangarsa. Na tsaya cak da ledar cefane a hannu kamar wadda aka kira sunanta. Yaran yanzu in suka ji wannan wari toshe hanci suke yi, ni kuwa ban san lokacin da na fara dariya ni kaɗai ba, don ya mayar da ni Roni, tsakar gidanmu, ranar da aka yi wa ɗakin kakata sabon daɓe.

Kakata ce ta wajen uba, Iya muke ce mata, kuma a ɗakinta na tashi tun da aka yaye ni. Mu uku ne a ɗakin: ni, da ita, da kunkuru. Kada ka ɗauka irin ƙananan nan ne da yara ke sayarwa a bakin tasha. Wannan ya fi faifai faɗi, ƙoƙon bayansa ya yi sumul don tsufa, in yana tafiya tun daga nesa kana jin yana jan ciki a ƙasa. Da shi Iya ta zo gidan aure daga ƙauyensu na wajen Gwiwa, a cikin ƙwarya, lokacin bai wuce tafin hannu ba. Ya haƙa wa kansa rami a kusurwar ɗaki, bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi, ramin ya karkata ya shige ƙarƙashin bango. Nan ne fadarsa. Sauran ɗakin kuma gonarsa ce, babu mai ce masa kauce.

Ɓarna kam ya iya ta. Ya kifar da kwanon miya ba sau ɗaya ba, ya bi ta kan buzun Iya tana tsakiyar salla ko a jikinsa, ya shiga ƙarƙashin gado ya maƙale sai an ɗaga masa. Ranar da aka yi mini lallen salla ina barci ya kama babban yatsan ƙafata, a zatonsa tumatir ne. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Iya ta duba yatsan, ta duba kunkuru, ta ce laifina ne da na kwana da ƙafa a waje. Duk da haka ina son sa ƙwarai. Ni ce mai tsinko masa yakuwa da damina, da rani kuma in bi gida gida ina roƙon ɓawon kabewa.

Baba ne ba ya shiri da shi. A ganinsa kunkuru dabbar daji ce, wurinsa waje, kuma ba za a riƙa salla a inda dabba ke kashi ba. Mutanen unguwa suna cewa kunkuru a ɗaki yana tare mugun baki, Baba ya ce wannan camfi ne tsagwaronsa. Abin da ya fi damunsa shi ne idon Iya ya fara rauni, ta taɓa yin tuntuɓe da shi ta gurɗe ƙafa. Gaskiya Baba yana da hujja, yanzu da na girma na yarda. Sai dai gardamar tasu abin kallo ce, domin Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Yana tsugune a bakin ƙofa, ita tana kan tabarma, tsakaninsu bai kai tsawon muciya ba, amma sai ta juyo gare ni.

"Ke, gaya wa wancan, kunkurun nan ya riga shi shiga ɗakin nan."

Ni kuma in juya in maimaita wa Baba da babbar murya, har da ƙarin gishiri. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya tashi. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Sai wata bazara aka aiko cewa goggona, autar Iya, za ta zo goyon ciki. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kuma a ɗakin uwa. Nan Baba ya samu abin da ya daɗe yana nema. Ya zo da ladabinsa ya ce za a kwantar da jariri a tabarma, kuma dabbar da ta ciji yatsan babbar yarinya ba za ta bar na jinjiri ba. Ya ce daɓen ɗakin ma ya farfashe, gara a sake shi, a toshe ramin nan gaba ɗaya. Wannan karon Iya ba ta ce in gaya wa kowa komai ba. Wannan kuwa shi ne amincewarta. Baba ya jera duwatsu a bayan rumbu, ya yi wa kunkuru ɗan shinge, ya rufa masa zana don inuwa. Da kansa ya ɗauke shi ya kai, kunkuru yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu a iska.

In ba ka taɓa ganin gayyar daɓe ba, an yi biki babu kai. Tun jajibere aka kwashe kayan ɗaki, aka cire asabarin ƙofa, maza suka farfasa tsohon daɓe suka zubo jar marmara daga gindin dutse. Ni da Iya a rumfa muka kwana. Gari na wayewa mata suka fara shigowa, kowace da madaɓinta a kafaɗa, wannan katakon mai faɗin baki da ake dukan ƙasa da shi. Gidan ya cika maƙil. Ana dambu a madafa, ana dama fura, mu yara muna ta safarar ruwa daga rijiya kamar ƙafafunmu ba za su gaji ba. Mai jan ragamar aikin wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, uwar gayya, wadda ba a daɓe a unguwar sai da ita. Ita ta sa aka cusa duwatsu a bakin ramin kunkuru, aka bi da marmara aka danne.

Daga nan aka jera. Mata suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa, uwar gayya ta ba da waƙa, suka amsa, madaɓai suka sauka a tare. Tim, tim, tim. Har a ƙirjinka kake jin sa. Suna duka suna ja da baya, ana yayyafa ruwa, ana zolayar wadda hannunta ya yi sanyi, ana saka sunan mijin wata a waƙa ita kuma tana rufe fuska. Ni dai rawa nake a bakin ƙofa da tulu a ka. Da rana ta karkata aka kawo ruwan makuba aka shafe ɗakin, aka sake bi da duka a hankali, har ƙasa ta yi ja wur tana ƙyalli. Uwar gayya ta fito da baya tana goge sawunta, ta gitta itace a ƙofa. Dokar daɓe ke nan: ko mai ɗakin ba ta taka shi sai ya bushe. Wadda ta taka ta raina gumin matan unguwa, kuma in ta sake kiran gayya ita kaɗai za ta yi abinta.

Bayan la'asar, mata na zaune a inuwa suna cin dambu ana raba goro, na ɗebi ɓawon kabewa na nufi bayan rumbu. Na ɗaga zana. Babu kunkuru. Sai wani rami a ƙarƙashin duwatsun, da sabuwar ƙasa a gefe.

Kafin ka ce me, gidan ya hargitse. Yara suka bazu, wasu suka nufi gonakin bayan gari, wasu suka hau dutse, wani ya leƙa rijiya. Aka duba turken awaki, aka duba ƙarƙashin rumbu. In akwai sawunsa a tsakar gida, ƙafafun mutane sun shafe shi tun da safe. Iya kaɗai ce ba ta motsa ba. Tana zaune da goro a hannu, ba ta ci ba, ba ta ajiye ba. Can sai ta miƙe, ta nufi ɗakinta, ta tsallake itacen nan, ta taka sabon daɓe.

Mata suka bar cin dambu, suka bi ta da kallo. Ina ganin sawunta yana fitowa ɗaya bayan ɗaya a kan jan daɓen, har kusurwar randa. Ta durƙusa ta kara kunne a ƙasa, amma kunnen nata ya tsufa. Ta yafuto ni. Na shiga ina sanɗa, ina jin idon uwar gayya a bayana. Na kwanta na manna kunne a ƙasa mai sanyi. Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Sai na ji shi, can ƙasa, ƙarat, ƙarat, kamar ana kankare ƙwarya. Na daka tsalle na ce yana ciki, wallahi yana ciki, yana da rai.

Ashe tun kafin gari ya waye ya haƙe ta ƙarƙashin shingen, ya tarar da ɗaki babu asabari, ya koma raminsa ya lafe. Kowa ya ɗauka yana bayan rumbu, aka toshe shi a ciki, aka wuni ana daka a kansa.

Uwar gayya ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. Ta ce daɓe irin wannan ba ta yi shi ba a bana, hannayen mata duk sun yi kanta, kuma ba a taɓa fasa ɗanyen daɓe a unguwar nan ba, balle a kan kunkuru. Baba ya shigo a lokacin, ya ji abin da ake ciki. Ya ce ko a haƙa ta bayan ɗaki, amma shi da kansa ya san in aka taɓa gindin bangon, damina na zuwa zai zube. Ga mai ciki tana hanya, ga ɗaki ya lalace. Wata daga cikin matan ta ce ai kunkuru yana daɗewa a ƙasa, a bar shi ya nemi hanyarsa. Iya ta ce duwatsun da aka cusa ba na haƙawa ba ne, kuma iska ba ta shiga.

Ta fito ta ɗauki fartanya a jikin rumbu. Baba ya sha gabanta ya durƙusa. A ranar ne na fara ganin ta dube shi ido cikin ido, ba ta bi ta kaina ba.

"Duk wanda ya san ni ina yarinya ya tafi," in ji ta. "Uwata ce ta sa shi a ƙwarya da hannunta. Shi kaɗai ya rage mini."

Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi fartanyar, ya tuɓe riga, ya shiga ɗakin. Saran farko da ya kai wa daɓen, na ji wata mata ta ja numfashi kamar ita aka sara. Uwar gayya ta tsaya a ƙofa tana huci, sai can ta ce masa ba nan ba, ya matsa hagu, ita ta san inda ta sa duwatsun, kada ya sari bawan Allah a ka. Daga faɗa ta koma ba da umarni. Mata suka cika ƙofa da taga, yaran da suka tafi nema suka dawo suna leƙe ta ƙarƙashin hammatar manya. Baba ya ajiye fartanya ya koma yaƙushi da hannu, yana zaro duwatsu ɗaya ɗaya.

Sai ga kai ya leƙo, jajir da ƙasa, yana lumshe ido. Ya fito a hankali, bai dubi kowa ba, ya bi ta tsakiyar sabon daɓen yana jan layi da ciki, ya tsaya daidai inda ya fi ƙyalli ya tsula fitsari. Uwar gayya ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Gidan ya kaure da dariya, har da Baba, yana zaune dirshan cikin ƙasa. Ni kuka nake ina dariya. Iya ta tsuguna ta share masa ƙasar ido da bakin zanenta, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa.

Washegari uwar gayya ta dawo ita da mata biyu suka gyara abin da zai gyaru, tana mita tun daga zaure. Ramin dai ba a sake toshe shi ba. Da goggo ta haihu, a kan gado aka riƙa kwantar da jaririn, aka gitta tsohon turmi a kusurwar har aka yi arba'in. Ana ɗauke turmin kunkuru ya koma yawonsa, Baba ya koma ƙorafinsa, ni kuma na koma aikina na isar da saƙo.

Yau babu mai kiran gayyar daɓe. Siminti ya zo, tayil ya biyo baya. Yaran maƙwabtana sun sayo ɗan kunkuru, sun sake shi a falo, yana ta zamewa a kan tayil, babu rana, babu inda zai tona. Uwarsu ta tambaye ni ko a bar shi ya yi ta yawo a ɗaki, tunda ta ji a gidanmu haka aka yi. Na ce ta fitar da shi tsakar gida inda akwai ƙasa. Namu ɗakin ƙasa ne, ƙofarsa a buɗe, in ya so rana ya fita, in ya so sanyi ya shige rami. Nasu kuwa kurkuku ne mai santsi.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Shekarar da aka zuba wa ɗakinta siminti, Baba ne ya tsaya a kan magini ya ce a bar kusurwar nan yadda take, bai faɗi dalili ba. Shi ma yanzu babu shi. Bara ƙanena ya sa wa gidan tayil tun daga zaure har madafa, na je na tarar ana aikin. Da mai aikin ya iso kusurwar ya tambaya me za a sa a nan, don wurin ya ɓata masa layi. Ƙanena ya ce ya zagaye ta kawai, akwai mai wurin, ya fita shan hantsi ne.