Sandar Sakelaris

A tsibirin Kalimnos, duk namijin da ka gani da sanda yana jan ƙafa, ba a tambayarsa abin da ya same shi, kujera ake ba shi. An san mai nutso ne, wanda ya shiga ƙarƙashin teku ciro soso, zurfi ya kashe masa ƙafa. Shekara talatin ana tashi ana ba Sakelaris kujera, shi kuwa bai taɓa zama a kanta da daɗin rai ba, don ƙafarsa lafiya lau take.

Yana sabon ango ya bi jirgin masu soso zuwa gaɓar Libiya, shi da amininsa Mikes, wanda ya riƙe musu kambin aure a coci ranar da Sakelaris ya auri Kalotina. Shi ya sa suke kiran juna kumbare, wato aminin aure a yarensu. Aikin kuwa ba na wasa ba ne. A ɗaura maka kwalkwalin tagulla, a jona masa mesar iska, a jefa ka ruwa. In ka fito a miƙa maka sigari, kowa ya zuba maka ido a ga ko zurfi ya taɓa ka. A wata guda Sakelaris ya ga an binne mutum biyu a yashi. Tsoro ya shige shi har abinci ya daina wuce masa.

Ran nan kyaftin ɗin jirgin ya sami wani wuri mai zurfin tsiya. Sakelaris ya yi nutson farko ya fito, ya san da sauran na biyu. Ya zuƙi sigarin nan, sai kawai ya saki jiki ya zube, ya ce ba ya jin ƙafarsa ta hagu. Bai shirya ƙaryar ba, bakinsa ne ya riga shi. Mikes ya durƙusa ya murza masa ƙafar da man zaitun, ya daɗe yana murzawa, sannan ya miƙe ya ce, "Ku kawo kwalkwalin, ni zan shiga masa."

Da aka jawo Mikes, ko rabin sigari bai sha ba ƙafafunsa biyu suka mutu.

To ka ji yadda ƙaryar yini guda ta zama ta har abada. Wa zai iya warkewa a gaban mutumin da ya nakasa dominsa? Suka dawo gida, Kalotina ta hau dutse ba takalmi ta kunna kyandir a cocin Waliyyi Nikola don roƙa wa mijinta sauƙi. Sakelaris ya buɗe rumfar datse soso a bakin tashar jiragen ruwa, ya haifi 'ya'ya, ya yi furfura, kullum yana jan ƙafar nan. Ko a ɗaka shi kaɗai bai yarda ya taka ta sosai ba. Kowace safiya shi da Mikes suna teburi guda a gidan gahawa, sanduna uku jingine da bango.

"Kai ka more, kumbare," in ji Mikes. "Teku ta ci maka ɗaya ta ƙoshi. Ni sai da ta nemi ƙari."

Mutane su yi dariya, Sakelaris ma ya yi, gahawar ta koma masa kamar toka.

Aka wayi gari 'yarsa Sebasti za ta auri ɗan Mikes. Ranar biki da la'asar, bayan an ci tumaki an sha giya, mai goge ya ɗauko kiɗan masu nutso. Rawa ce da mai lafiya ke yi: ya karɓi sanda, ya yi ta karkarwa, ya faɗi ya tashi, in kiɗa ya juya ya yi jifa da sandar ya yi tsalle. Guragu ba sa yin ta, kallo suke yi suna share ido.

Mikes ya matso da bakinsa kunnen Sakelaris. "Tashi ka yi mini ita."

"Giya ta kama ka, kumbare?"

"Ni na murza maka ƙafa ran nan. Da na taɓa tafinta, yatsunka suka lanƙwashe. Matacciyar ƙafa ba ta jin cakulkuli."

Sakelaris ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wato duk gahawar nan da suka sha, duk dariyar nan, mutumin nan ya sani.

"Me ya sa ka shiga?"

"Na ga idonka. Da ka koma ruwan nan a haka, gawa za mu jawo. Ban taɓa neman komai wurinka ba. Yau dai ina so in ga ƙafar da na ba da nawa a kanta tana rawa a bikin ɗana. Ko sau ɗaya."

Sakelaris ya dubi Kalotina, ya dubi 'yarsa cikin farin mayafi. Ya san in ya yi tsallen nan, sunansa ya ƙare a tsibirin. Ya miƙe.

Ya shiga fili. Karkarwar da jan ƙafar ba wanda ya taɓa yin su kamarsa, ai sana'arsa ce. Mata suka fara kuka. Sai goge ya juya. Ya rufe ido, ya wurgar da sandar, ya ɗora dukan nauyinsa a kan ƙafar hagu zai yi tsalle.

Ƙafar ta lanƙwashe. Shekara talatin ba a ba ta aiki ba, ta motse ta zama kamar sillen kara. Ya faɗi rub da ciki a kan dutse. Ya yunƙura ya sake gwadawa, ta sake ƙi.

Jama'a suka yo kansa. Kalotina ta juya kan Mikes tana huci. "Haba kumbare, ba ka jin kunya? Kai da ka san ciwon, kai za ka sa gurgu rawa?"

Mikes ya jawo jiki da sandunansa har inda amininsa ke zaune a ƙasa, ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Ashe ko kai ba ka more ta ba," ya ce a hankali.

Ango ya ɗauko sandar ya goge mata ƙura, ya miƙo da hannu biyu. "Ungo, Baba."

Sakelaris ya karɓa, bai iya ɗaga kai ba. Kafin ya gama miƙewa, wani ya riga ya jawo masa kujera.